Tokar da Na Zuba wa Littattafan Malam

Ni nake faɗi, Malama Binta ta gidan da ke kallon namu ke rubutawa. Na zaɓe ta ne don ba jininmu ba ce, kada gobe wani a cikinku, ku 'ya'yana, ya ce Rakiya ta ƙara ko ta rage. Na ce mata ta sa maganata yadda ta fito, in na yi kwana ta biyo ni, in na tsaya ta jira. Ban taɓa riƙe alƙalami ba, ban kuma taɓa jin kunyar haka ba, domin abin da idona ya gani yana nan a kaina a jere.

Ga abin da ya zaunar da ni yau. Tun da mahaifinku ya rasu, babbanku, ɗan farina da bakina ba ya kiran sunansa, ya daina taka gidan ƙanwarsa Rakiya. Yana gaya wa mutane wai ita ta sa aka tono littattafan gidanmu, ta sayar wa wani ɗan kasuwa, ta sayo wa Malam babbar waya, ta mai da malami mai shafa gilashi. Na ji maganar a gidan suna, na ji ta a wurin niƙa, na yi shiru shekara guda. To, shirun ya isa haka.

Ni ɗiyar manoma ce daga yamma da Wagini. Kakana bai yi salla ba sai da furfura ta rufe masa kai. A gidanmu ba a san allo ba, amma an san ajiya. Uwata tana zuba wake a tukunya, ta cakuɗa shi da tankaɗaɗɗiyar toka, ta liƙe bakin da laka, ya shekara uku ko ƙwaro ɗaya bai leƙa ba. Da wannan ilimi aka kai ni gidan malamai, inda har 'yan mata ke jan baƙi suna tatar koko. Dangin mijina sun yi ta yi mini dariya a ɓoye, sai surukina, Malam Tsoho, ya rufe musu baki. Wata kaka ya tarar gara ta fara cin akwatin littattafansa, ya rasa yadda zai yi. Na ce a ba ni. Na fitar da su ɗaya bayan ɗaya na shanya a kan sabuwar tabarma, na kakkaɓe, na jera busasshen ganyen bedi, wato darbejiya, a tsakaninsu, na ɗora akwatin bisa duwatsu huɗu don kada ya taɓa ƙasa. Tsohon ya daɗe yana kallona, sannan ya ce wa mutanen gidan:

"Mu muna karantawa, ɗiyar manoma na tsarewa. Kowa da rabonsa a cikinsu."

Daga ranar littattafan suka zama aikina. Shekara arba'in da 'yan kai, duk kaka sai na yi alwala na fitar da su shan iska. Ban san harafi ko ɗaya ba, amma in Malam ya ce daga zaure a miƙo masa na fiƙihu babba, ko ƙaramin na nahawu, ban taɓa kuskure ba. Ina gane su da nauyi, da launin gafaka, wato jakar fatar da kowane ke ciki, da kuma wari. Bugun Masar mai rawayar takarda warinsa daban, bugun Kano daban. Ku gane wani abu a nan, domin shi ne ƙashin maganar. Littattafan nan na bugu ne, irinsu na kasuwa ga mai hali. Abin da babu a kasuwa shi ne gefensu. Malam Tsoho ya cika gefen kowane shafi da rubutun hannunsa, ƙanana kamar sawun kiyashi, yana warware abin da ya yi tauri, yana sa abin da ya ji daga malamansa. Da ya rasu, mahaifinku ya ci gaba a ƙarƙashin rubutun ubansa. In aka kawo masa tambaya mai wuya, na sha jin ya ce bari mu ji ta bakin Baba, sai ya buɗe ya duba gefe.

Rakiya ta yi aure a Safana, tana koyarwa a Islamiyya. Kakar da ta zo kafin mu gudu daga garinmu, ta iske na yi shanya. Lokacin an fara jin labarin mutanen daji a ƙauyukan da ke bayanmu, yau an kore shanu, gobe an ɗauke mutum a gona. Ina daka a bayan ɗaki, da na zagayo sai na gan ta durƙushe a kan tabarmar, tana buɗe shafi tana haska masa waya. Na tambaye ta abin da take yi. Ta ce hoto take ɗauka, wai in ta samu mako biyu za ta kwashe gefen nan duka cikin wayar, ko da wani abu ya faru. Raina ya ɓaci. Wayar da ake shiga bayan gida da ita a aljihu, wayar da ke cike da kiɗe-kiɗe da hotunan amare, ita za a zuba wa rubutun Malam Tsoho? Wannan na faɗa mata da baki. Abin da ban faɗa ba, shi zan faɗa yanzu: na ji kamar ta ce ajiyata ba ta isa ba. Na fizge littafin na rufe.

"Inna, duniyar ta canza. Mutane gudu suke da abin da ke jikinsu kawai."

"Kafin a haife ki nake tsaron su. Ko shafi ɗaya kin taɓa ganin ya ɓata a hannuna?"

Ta ce ba ta taɓa gani ba. Ta mai da wayar cikin jaka, ba ta sake tayar da maganar ba. Rakiya haka take tun tana ƙarama, ba ta ja da ni.

Da bazara abin ya iso mu. Mutanen dajin sun riga sun kwashe shanun gari, sun bar mana jaki ɗaya gurgu-gurgu. Ran nan da hantsi wani mai babur ya shigo da saƙo cewa duk wanda la'asar ta iske a garin, ya kuka da kansa. Gari ya rikice. Akwai jikoki huɗu a hannunmu, akwai buhun gero biyu, akwai akwatin littattafai da sai ƙarti biyu ke ɗaga shi. Jakin ba zai ɗauki duka ba. Malam ya tsaya a tsakar gida ya ce a ɗora littattafan. Na ce masa littafi ba ya shiga tukunya, kuma ba mu san gidan da za mu kwana ba, balle wanda zai ciyar da yara huɗu. Ya ce gero ana samu a ko'ina, rubutun Baba fa? Ban taɓa musu da shi a gaban yara ba sai ranar. Daga ƙarshe na dafa ƙirjina na ce ya bar mini su, zan ajiye su inda wuta ba ta kai ba, ɓarawo bai sani ba, gara ba ta isa ba, kuma kafin damina ta yi nisa ai mun dawo. Ya dube ni ya ce:

"Na bar miki, Dije. Ban taɓa duba bayanki a kansu ba."

Ya fita ya taimaka a ɗora wani tsoho makaho a kan amalanke. Ni kaɗai na yi aikin, don haka babu wanda zan raba laifin da shi. Na janye gadona, na haƙa tsakiyar ɗakin da hauya, na juye babbar randata na goge ta ƙaf, na zura ta cikin ramin. Na jera littattafan ciki, kowane a gafakarsa. Ganyen bedi ya ƙare, ba lokacin tsinko wani. Sai hannuna ya tafi inda ya saba. Na kwaso tokar kara daga murhu da wadda na tara don miya, na tankaɗe, na yi ta zubawa har ta cika kowane lungu ta rufe su ruf, yadda uwata ke yi wa wake. Na kife kasko a baki, na liƙe da laka, na mai da ƙasa na daddaɓe, na ja gado a kai. Wallahi da na miƙe har daɗi na ji. Na ce a raina babu macen da ta kai ni dabara a ƙasar nan.

Ba mu dawo kafin damina ta yi nisa ba. Damina biyu suka wuce muna Safana ba mu leƙa gida ba, mu shida a ɗaki ɗaya da rumfa, a bayan gidan mijin Rakiya. Ba zan ba ku labarin yunwar shekarun nan ba, waɗansunku sun ɗanɗana. Abin da na lura da shi, ni mai lura da littafi, shi ne a garin nan duk waɗanda suka gudo babu mai takarda. Akwai wani malami daga wajen Yasore, mutumin da aka ce ɗakin karatunsa ya fi zaurenmu girma, na gan shi ƙarƙashin bedi yana karantar da magidanta daga 'yar waya mai tsagaggen gilashi. Matarsa ta ce mini da riga ɗaya ya fito, wayar ce kawai a aljihunsa. Wasu sun iso da littattafansu, ɓera da yoyon ɗakin haya suka gama da su. Wasu sun je saye suka tarar takarda ta yi tsada kamar shinkafa, alhali a shagon caji ana zuba wa mutum ɗaki guda na karatu cikin abin da bai kai farce ba. Ban ga wanda ya bar takarda don ya raina ta ba. Mutumin da bai san inda zai kwana jibi ba, abin da zai iya gudu da shi yake nema.

Malam dai ya ƙi. Rakiya ta yi masa tayin waya sau biyu, ya ce nasa na nan suna jiransa. Mutane suna zuwa da tambaya, yana amsawa da ka. Sai wata rana wasu 'yan'uwa suka kawo masa rabon gado mai sarƙaƙiya, an kashe uba da ɗa rana ɗaya ba a san wanda ya riga cikawa ba. Ina bayan zana ina jin su. Na ji ya ce ya san Baba ya yi magana a kan irin wannan, yana ma ganin gefen shafin a idonsa, amma abin da ke rubuce ya ɓace masa. Ya ce su je wurin wani. Daga ranar ya daina fitar da buzunsa waje.

Da rani na biyu aka ce hanya ta ɗan lafa, masu ƙarfin hali suna zuwa duba gidajensu su dawo kafin azahar. Malam ya ce mu je. Mu biyu muka hau babur ɗaya, da buhuna biyu da za mu zubo littattafan. Garin ya zama kufai, ciyawa har ƙugu. Ba a ƙona gidanmu ba, kwanon rufin kawai aka ɓalle aka tafi da shi. Ɗakina ya sha ruwan damina biyu a buɗe, gadon ya ruɓe, tsakiyar ɗakin ta lotsa ta zama kwari. Na sa hauya. Kaskon ya tsage gida biyu, lakar ta narke. Da na ɗaga, warin da ya bugo ni na san shi, kowace mace ta san shi. Warin ruwan toka ne, wanda muke tacewa mu zuba a miya don ya narkar da ganye, wanda in ya yi ƙarfi yake cin fatar hannu. Toka tana tsare wake ne muddin tana bushe. Na san haka tun ina yarinya. Ban dai taɓa ajiye wake a ɗakin da ba rufi ba.

Na zura hannu. Fatar gafaka ta zama kamar yauƙi. Na ciro na fiƙihu babba, na gane shi da girmansa, ya dunƙule kamar tuwon da ya kwana cikin ruwa. Na ɓamɓare tsakiyarsa a hankali. Baƙin inji yana nan dishi-dishi, amma gefen, inda tawadar gargajiya take, ya wanke tas, sai wani shuɗi-shuɗi da ya rage. Da ruwan sama ne kaɗai, wataƙila na tsakiya su tsira, mu shanya. Tokata ce ta bi su shafi-shafi.

Malam ya durƙusa kusa da ni. Ya lakato abin da yatsa, ya murza, ya kai hanci.

"Toka kika sa?"

"Toka na sa, Malam."

"Kamar wake."

Iyakar abin da ya ce ke nan. Da ya zage ni da na samu sauƙi. Ya karɓi dunƙulen daga hannuna ya mayar cikin randar, ya ce akwai sunan Allah a ciki, ba a barin su a fili, kuma tunda ƙasa ta riga ta karɓa a bar mata. Muka mai da ƙasa tare. Ya daidaita saman da tafin hannunsa yadda ake yi wa kabari. Muka hau babur da buhunanmu a naɗe. Da muka iso, kowa ya tambaya, sai ya ce littattafai sun tafi tare da gidan. Bai yi ƙarya ba, bai kuma ƙara ko kalma ba. Ni ya rufa wa asiri, ni kuwa na lafe a cikin rufin, domin ban iya tunanin matan dangin nan su ji cewa ɗiyar manoma ta dafa littattafan Malam Tsoho ba.

Bayan wata guda Rakiya ta shigo da abu a naɗe cikin ɗankwali. Waya ce babba mai faɗin allo, ta hannu, mijinta ya samo a Katsina bayan ta sayar da tumakinta biyu. Ni na raka ta kasuwar da tumakin, don haka kada wanda ya ce mini wani abu. Ta ce babu kiɗa a ciki, babu hoton kowa, karatu ne kawai, duk irin waɗanda yake da su da ma waɗanda bai taɓa mallaka ba. Malam yana kwance ya juya wa ƙofa baya. Can ya tashi ya ce a ba shi buta. Ta ce ba sai da alwala ba, ya ce shi dai zai yi. Ta zauna gefensa ta nuna masa yadda ake ture shafi da yatsa. Ya ce rubutun ya yi masa ƙanana, dama idonsa ya daɗe da raunana, tabarau ma ya daina yi masa aiki. Sai ta sa yatsu biyu ta buɗa, haruffan suka kumbura kamar ƙwayar gujiya. Na ji ya yi dariya, abin da rabona da ji tun muna gida. Ya yi ta karantawa da ƙarfi, yana kaɗa kai, ya ce ga shi, ga shi, har ya kai babin gadon nan da ya gagare shi. Sannan na ga yatsansa ya ja shafin zuwa gefe. Ya ja, ya sake ja. Fari fat. Dariyar ta ɗauke. Ya ce a hankali, ba da kowa yake ba:

"Baba bai zo ba."

Rakiya ta dube ni, ta sunkuyar da kai, ta ce akwai abin da ta ɓoye. Ranar da na kore ta daga kan tabarma, ta riga ta ɗauki shafi bakwai, ba ta goge ba. Ta buɗe masa. Ga rawayar takardar, ga sawun kiyashin Malam Tsoho, ga nasa a ƙasa, har da gefen tabarmata da ganyen bedi guda a kusurwa. Na tashi na fita, na je bayan rumfa na zauna. Mako biyu ta roƙa. Da na ba ta mako biyun nan, da yau duka suna nan.

Malam ya koma fitar da buzunsa. Shekara ɗaya da rabi ya yi yana karantarwa da allon nan, ana kai masa shi caji kowace safiya, kuma mutane sun amfana, ba zan rage wa abin hakkinsa ba. Ba shi da nauyi, gara ba ta cinsa, ya mayar wa tsoho da idonsa. Amma har ya koma ga Allah, in ya ci karo da wuri mai tauri, sai na ga yatsan nan ya tafi gefe da kansa, ya tsaya, ya dawo. Bai taɓa ɗago kai ya dube ni a lokacin ba. Ni kuwa kullum ina kallo.

Allon yana wurin Rakiya, ni na ce ta riƙe. Na ɗinka masa gafaka. Da kaka ta zo na ce a kawo in shanya, ta ce rana lalata shi take yi, ba ya bukatar komai daga gare ni. Na sansana shi, ba ya warin komai. Duk da haka na cusa ganyen bedi a gafakar, ta bar ni.

To kun ji. Ba a sayar ba, ba a sace ba, wuta ba ta ci ba. Suna tsakiyar ɗakina a cikin randata, da tokar da na tankaɗe da hannuna. In Allah ya kawo lafiya kuka koma, kada wanda ya tona wurin, kada a yi turke ko makewayi a kai. Ku ja 'yar katanga ku kewaye.

Kai kuma na fari, ko a takarda ba zan kira sunanka ba, amma ka san da kai nake. Abin da ya rage na hannun kakanka a duniya shafi bakwai ne, kuma wadda kake zargi ce ta tsamo su, a bayan idona, ranar da nake korar ta. In fushi za ka yi, ga ni nan a ɗakin bayan gidan mijinta, ba inda za ni. Amma ka fara shiga wurinta ka ce ta buɗe maka. A shafi na huɗu akwai inda tawada ta ɗiga wa Malam Tsoho, ya zagaye ɗigon da alƙalami ya mai da shi ɗan fure. Ban san abin da ke rubuce a wurin ba, furen kawai na sani, shekara arba'in ina kakkaɓe masa ƙura. Ka karanta, ka zo ka gaya mini abin da ya ce. Ka yi alwala kafin ka taho.